Baranda mai fila ko mara fila: wacce ta fi ɗaukar kaya?

Malam, na ga tambayarka: kana ɗora bene a kan shagunanka a Rigasa, magini ya ce a fito da baranda mita 1.8 ba tare da fila ba don kada a tare gaban shago, ƙaninka kuma ya ce a kafa fila biyu a bakinta, ga shi kana son ɗora tankin ruwa na lita 1,000 a can. Ka ce a gaya maka wacce ta fi ƙarfi. Duka biyun suna tsayuwa, amma ba hanya ɗaya suke bi su tsaya ba, kuma tankin nan ne ya fi ɗaukar mini hankali.

Duk abin da ka ga ya tsaya cak, bim ne (dogon kankare ko ƙarfen da ke kwance yana ɗauke da nauyin gini) ko tsani ko gada, ya cika sharuɗa uku. Nauyin da ke danna shi ƙasa daidai yake da ƙarfin da ke tallafe shi sama. Abin da ke tura shi hagu daidai yake da abin da ke tura shi dama. Na ukun shi ne wanda masu gini suka fi mantawa: abin da ke son juya shi ta wannan gefe daidai yake da abin da ke son juya shi ta wancan. Ƙarfin juyi kuwa nauyi ne sau nisa. Ɗan garuwa ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. In garwa ɗaya cike take ɗayar rabi, sai ya matsar da kafaɗarsa kusa da cikakkiyar, sandar ta daidaita. Da wannan ake fara koyar da ɗaliban injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello, sai dai su da alƙalami suke yi.

Ɗauki bim mai tsawon mita 2 don lissafi ya yi sauƙi. Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne cif, ban da nauyin tankin. In bim ɗin yana zaune a kan madogara biyu, bango a nan fila a can, ka ajiye tanki a tsakiya, kowace madogara za ta ɗauki kilo 500, kamar mutum biyu da suka rataye buhu a tsakiyar sanda. Ka matsar da tankin ya koma rabin mita daga bango, bango zai ɗauki kilo 750, fila 250. Kowane irin zama ka yi masa, su biyu suke raba wahalar. Inda bim ya fi jin jiki shi ne ƙarƙashin kayan, kuma da tanki a tsakiya ƙarfin da ke lanƙwasa shi rabin tan-mita ne (tan-mita ɗaya shi ne nauyin tan ɗaya sau nisan mita ɗaya).

Yanzu cire filar, ka bar bim ɗin kafe a bango kawai, abin da ake kira kantiliba, ka sa tankin a bakinsa. Bango ya ɗauki tan ɗin gaba ɗaya, wannan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne dole gindin ya hana bim juyawa, kuma ƙarfin juyin tan 1 sau mita 2 ne, wato tan-mita 2. Ninki huɗu ke nan na wancan, da tsawo ɗaya da kaya ɗaya. Saukar da bakin zai yi kuwa ninki 16 ne na lotsawar tsakiyar bim mai madogara biyu. Ka riƙe bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi. Bokitin bai ƙara nauyi ba, kafaɗarka ce za ta ba ka labari.

Ko babu tanki, dakin, wato shimfiɗar kankaren, da kansa kaya ne. Kankare yana kai kilo 2,400 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, don haka dakin mai kaurin santimita 15 yana da kilo 360 a kowace murabba'in mita tun kafin a sa tayil, a jera bulo a baki, yara su hau. Irin wannan nauyi mai shimfiɗe ma kantiliba ninki huɗu take sha, saukarta kuma kusan ninki goma. Kuma ƙarin tsawo ba ya tafiya a hankali. Daga mita 1.2 zuwa 1.8 mutum zai ce ai ƙafa biyu kawai aka ƙara, alhali ƙarfin juyi a gindi ya ninka sau 2.25, saukar baki kuma kusan sau biyar. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta BS 8110, wadda injiniyoyinmu suka daɗe suna aiki da ita, ta fara da cewa tsawon kantiliba kada ya wuce zurfinta sau 7, mai madogara biyu kuwa har sau 20. Baranda mita 1.8 mara fila tana neman zurfi wajen santimita 26 kafin a shiga sauran gyaran lissafi. Tambayi maginin ko da wannan kaurin yake nufin zubawa.

Sai maganar rodi, inda a ganina bambancin ya fi haɗari. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma wajen ja rago ne, abin da yake jurewa bai fi kashi ɗaya cikin goma na matsin ba. Rodi aikinsa ya karɓi jan. Bim mai madogara biyu yana lotsawa kamar igiyar shanya, cikinsa na ƙasa ne ke buɗewa, don haka manyan rodi a ƙasa suke. Kantiliba akasin haka take: tana sunkuyawa, bayanta na sama ne ke miƙewa, rodi a sama yake zama. Mai ɗaurin rodin da ya saba da linta da dakin na ɗaki, hannunsa ƙasa ya saba kaiwa. Ko an ɗaura daidai ma, ranar zuba kankare lebura suna ta kai da kawo da kwanon kankare a ka, suna taka rodin, in babu ƙananan kujerun ƙarfe da suka ɗaga shi sai ya nutse tsakiya ko ƙasa. Daga waje ba wanda zai gane. Na taɓa zuwa wani gini inda aka cire gorar tokare sai ga tsaga siririya ta bi gindin baranda daga wannan ƙarshe zuwa wancan, aka fasa aka tarar rodin yana kwance a ƙasa. Sai da aka rushe ta.

Wurin tsagar ma ba ɗaya ba ne. Ta mai fila a ƙasa take fitowa, kana zaune a shago kana kallonta. Ta kantiliba a sama take, a gindi, ƙarƙashin tayil, daidai inda ruwan watan Agusta ke kwanciya ya shiga ya ci rodi da tsatsa. Kuma ba ta da wata madogarar da za ta karɓi kayan in gindin ya gaza.

Rodin saman nan kuma ba a bango yake ƙarewa ba. Dole ya shige cikin dakin na ɗaki ya yi nisa, nauyin da ke ciki ya danne shi, kamar garwa ta biyu da ke riƙe sandar ɗan garuwa. Tun 1638 Galileo na Italiya ya zana katako kafe a bango da nauyi rataye a bakinsa yana neman inda zai karye. Ya gane cewa a gindi ne, amma lissafinsa ya ba katakon ƙarfi ninki uku fiye da gaskiya. In irinsa ya yi kuskure a nan, ba na jin daɗin a bar wa ido da "haka muka saba yi".

Fila ma ba kyauta take zuwa ba. Tana son tushe nata, kuma gaban shago galibi bakin kwata ne, ƙasa mai cike da ruwa da damina, in tushen ya zauna baranda ta bi shi. Tana cin wuri, mota ko Keke Napep na iya dukanta, sannan sai ka duba ko inda za ta tsaya bai fita daga zanen da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta amince maka ba. Maginin bai yi ƙarya ba da ya ce shago ya fi kyau babu ita.

Abin da ba zan so ka yi ba shi ne haɗa rabin wannan da rabin wancan: a zuba a matsayin kantiliba, in an ga ta sauka a cusa fila daga baya. Da zarar fila ta karɓi baki, tsakiyar dakin ta fara lotsawa, ja ya koma ƙasa inda ba a sa rodi ba. Lissafin ma ya canza, sharuɗan nan uku da na faɗa a farko ba su isa su kaɗai ba. Haka nan kada ka cire filar da aka zana barandar da ita.

Da ni ne, zan zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko baranda ta tsaya wajen mita 1.2 babu fila, da kariyar ƙarfe mara nauyi irin wadda ake haɗawa a Panteka maimakon bulo, tanki kuma ya koma kan fila ko bangon da aka lissafa da shi. Ko kuma in mita 1.8 ɗin kake so da tanki a kai, a kafa filolin tun daga tushe. Kowacce ka ɗauka, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zana rodin, ya zo ya gani da idonsa kafin a zuba, kuma kada ka bari a taɓa tokaren kantiliba sai ya ba da izini. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, ko da kafinta yana gaggawar kwashe katakonsa zuwa wani aiki.