Mazurarin Mr. Funnel: Yana Tare Ruwa da Yashi, Amma Akwai Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Ƙananan jiragen shaƙatawa, irin na tafkin Jabi a Abuja ko na Kogin Neja a Yamai, a jarka aka fi kawo musu fetur. Jarkar nan kuwa ta ga duniya: yau tana bayan mota, gobe ta kwana a waje murfi a sake, jibi an aro ta an zuba dizal. Duk abin da ta kwaso, ruwa ne ko tsatsa ko yashi, cikin tanki zai ƙare. Shi ya sa mazurarin Mr. Funnel, ƙirar Amurka, ya cancanci a dube shi da idon basira.

A ido roba ce kawai, amma a tsakiyarsa akwai raga ta ƙarfe marar tsatsa a tsaye kamar gwangwani, an shafe ta da Teflon, sinadarin da ruwa ba ya manne masa. Fetur na ratsa ragar ya wuce, ruwa kuwa sai ya dunƙule a jikinta ya gangara ƙasa, domin ya fi nauyi: litar ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo. A gindin mazurarin an bar ɗan rami inda ruwan da dattin ke taruwa. Ba batir, ba abin da ake canzawa. Kafin a yarda da shi a gwada shi a gida: a zuba ruwa kofi ɗaya a ciki a riƙe shi a kan busasshen kwano. Idan ragar lafiya take, ko ɗigo ba zai sauka ba.

Girmansa iri-iri ne. F1 ƙarami ne, ya fi dacewa da janareta, kuma mai ɗaga jarkar lita 25 zai gaji da jiransa. F3 na wuce kusan lita 13 a minti, shi ne daidai da jan tankin da ake ɗauka a hannu. F8 na kaiwa wajen lita 19, na jirgi mai ginannen tanki ne. Abin da ba a wasa da shi shi ne harafin C a ƙarshen lambar. Masu C baƙaƙe ne, robarsu na barin lantarkin da gogayyar mai ke tarawa ya bi ya wuce. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa har mayafi na ƙara idan an yaye shi, tartsatsi ɗaya a bakin tanki ya isa. Don fetur, baƙin za a saya, kuma bakinsa ya riƙa taɓa bakin tanki har a gama.

Kuskuren da ya fi ɓata aikin mazurarin na masu injin da ake gauraya wa fetur da man inji ne, kamar Yamaha Enduro. Da yawa suna zuba man gauraye a jarka su girgiza, sannan su tace. Wannan baya-baya ne. Wasu mayukan suna da sinadarin wanki da ke farfasa ruwa ya zama ƙananan ɗigo ya cakuɗe da fetur, sai ya bi ta ragar salin-alin. A tace tsuran fetur tukuna, a auna mai daga baya. Injin da littafinsa ya ce 50:1 yana son mililita 20 a kowace lita, wato rabin lita a lita 25, kuma mai lambar TC-W3 na injin ruwa, ba baƙin man mota ba. Mai ya yi kaɗan, fistin ya kama. Ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Haka ma ba a wanke ragar da sabulu ko a goge ta da buroshi. Da shafin Teflon ya kankare, an koma mazurarin mai sayar da kananzir.

Aibinsa na farko ramin gindin nan ne. Kullum sai ya rage fetur da ba zai sauka ba, kuma a nan ne mutum ke juyawa ya watsar a ruwa ko ya karkata ya mayar da dattin cikin tanki. Duka biyun ɓarna ne. A tanadi kwalba mai haske da murfi, a juye ragowar a ciki, a bar ta minti kaɗan. Ruwa zai kwanta a ƙasa da layi a fili tsakaninsa da fetur, kuma yawansa zai nuna ko a ci gaba da saye a inda aka sayo. Na biyu, idan ruwan ya yi yawa har ya hau jikin ragar sosai, nauyinsa na iya tura shi ya ratsa, don haka jarkar da ake zargi a riƙa tsayawa ana zubar da ramin.

Babbar iyakarsa ita ce abin da ya narke a cikin fetur. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, injuna suka yi ta lalacewa. Irin wannan man zai wuce ragar kamar ba ta nan. Haka fetur mai etanol da ya sha ruwa, haka wanda ɗan bumburutu ya surka da kananzir, haka dizal da aka zuba bisa kuskure. Ruwan da ke taruwa a tanki daga danshin iska ma bai shafe shi ba. Wannan aikin matatar mai raba ruwa ce, ta maikiron 10 (ma'aunin ƙanƙantar dattin da take tarewa), da ake ɗaurawa tsakanin tanki da inji, kuma mazurari ba ya ɗauke mata.

Ba ya kuma hana wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana malalewa ya kwanta a ƙasan jirgi inda ba ya da mafita. Tankin hannu a fito da shi a ajiye a ƙasa a gaɓa kafin a cika, inji a kashe, fasinja a sauke, mai taba ya yi nisa. A tsaya a kusan kashi 90 cikin ɗari, domin rana na kumbura mai ya tsiyaye ta ramin iska. Mai ginannen tanki ya karanta rubutun murfi kafin ya dasa mazurari, don bakin tankin ruwan sha da ramin sandar kamun kifi sun sha ruɗar mutane, fetur ya kwarara cikin jirgi. Idan inji na ciki ne, fankar fitar da tururi ta yi minti 4 kafin a tayar, sannan a sunkuya a shinshina.

Ga mai jirgin da jarka ce famfonsa, F3C ya ci kuɗinsa: kafireta ɗaya da ruwa ya tsayar a tsakiyar tafki da fasinja a ciki ta fi shi tsada. A ajiye shi a leda mai tsabta bayan ya bushe, don ƙurar da ta shiga ta bakinsa na ƙasa ba ta bi ta raga.