Gargaɗi ga jama'ar Damagaram kan ƙarfen maƙala talabijin a bango

Jama'a, a yi hattara da masu tallar ƙarfen maƙala talabijin mai sunkuyowa a WhatsApp da Facebook. Hoton da suke sawa na ƙarfe mai kauri ne, amma abin da ke zuwa a kwali gwangwani ne da aka fesa wa baƙin fenti. Wani ma ba ya sunkuyowa sam, na kafewa ne, aka sayar maka da shi a kuɗin mai motsi. Su ce ka aiko kuɗi tukuna ta wurin masu tura kuɗi, kaya na isowa ka kira, lamba a kashe.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka, kowa na iya buga "yana ɗaukar kilo 50". Ka sa a buɗe a gabanka, ko a Kasuwar Dole kake ko a bakin ƙofarka. Riƙe farantin da ake kafawa a bango da hannu biyu ka murɗa. In ya lanƙwashe, mayar masa da kayansa. Na kirki kaurinsa ya kai milimita 1.5 zuwa 2. Duba gefen hannayen ƙarfen biyu da ake ɗaurawa a bayan talabijin: dole a ga ƙusar ɗaurewa da ke ba talabijin damar sunkuyowa kamar digiri 10 zuwa 15 ta tsaya cak. A ƙasan hannayen kuma akwai makullin da ke hana ta tsinkewa daga farantin in yaro ya tura ta sama. Wannan makullin ne ke tsare kan yara.

Kafin ka fita gida, auna tazarar da ke tsakanin ramuka huɗun da ke bayan talabijin ɗinka. Ma'aunin VESA ake kiransa: 100x100, 200x200 ko 400x400 a milimita. Ƙananan talabijin suna cin ƙusa mai zare M4, manya M6 ko M8. Mai cewa "wannan na shiga kowace iri" bai ma tambaye ka awo ba, kasuwarsa yake ci. Ƙusar da ta yi tsawo kuma tana iya huda kayan wutar da ke ciki.

Sai bango, inda aka fi yin asara. Gidajen Birni da yawa ginin ƙasa ne da aka yaɓa wa siminti. Robar da ake cusawa cikin rami ba ta kama ƙasa. Yaɓen kaɗai take riƙe, kuma talabijin mai sunkuyowa tana jan ƙusoshin sama waje kullum, har ranar da yaɓen zai ɓalle da ita. A irin wannan bango sai dogon ƙarfe mai zare ya ratsa har baya, a sa faranti da noti. A bulo mai rami kuwa, a nemi ƙusar da ke buɗewa a cikin ramin, ko a huda inda bulon yake cike.

Mai ɗaurawar da ya zo da ƙusa biyu maimakon huɗu, kada a biya shi sai ya cika su. Kafin a ɗora talabijin, a kama farantin a ja shi ƙasa da ƙarfi, a ga ko yaɓen gefen ƙusoshin ya tsage.