Sharhi Kan Ajin Koyon Zane da Haɗa Launi da Na Shiga a Kano

Sana'ata tsara katin aure da fasta da tallan kaya a waya da kwamfuta. Matsala ɗaya ce ta kai ni ajin nan: aiki zai yi kyau a fuskar waya, a kai shi wurin masu bugawa ya fito a koɗe, shuɗin ya yi duhu, koren ya mutu. Mai kaya ya ce ba kalar da ya zaɓa ba ke nan, mai inji ya ce abin da aka ba shi ya buga, ni ina tsakiya ina ba da haƙuri. Da na ji labarin wani mai zane da ke koyarwa Asabar da Lahadi, sauran ranaku kuma a riƙa tura masa aiki ta WhatsApp, sai na biya na shiga. Yanzu zangon farko ya ƙare. Ga mai sauri: kuɗina bai faɗi ba, sai dai abin da ya fi amfanata ba shi na je nema ba, kuma akwai ɓangare guda da Malam ya ci bashinmu har yau bai biya ba.

Makonnin farko ko fenti ba mu taɓa ba. Fensir ne kawai, 2B da 4B da 6B, da farar takarda. Aikin farko shi ne a zana doguwar tsara a raba ta gida tara, gidan farko fari fat, na ƙarshe baƙi ƙirin, na tsakiya kowanne ya ɗara na bayansa duhu da ma'auni ɗaya. A baki ba wuya. Zauna ka yi, za ka ga gidajen tsakiya sun haɗe sun zama abu ɗaya, ko ka yi tsalle daga ruwan toka ka faɗa baƙi. Daga nan aka ajiye mana ƙwai a kan farin ƙyalle, aka buɗe taga ɗaya aka rufe sauran. Farin abu a kan farin abu, wai a zana. A nan 'yan aji suka fara guna-guni, har wani ya ce, "Malam, mu fa kala muka zo koya." Malam ya ce, "Ƙanena, kanne idonka ka dubi ƙwan nan, ka gaya mini inda ya fi duhu." Da ka kanne ido ƙananan abubuwa sai su ɓace, ya rage haske da inuwa kawai. Ashe wurin da ya fi duhu a jikin ƙwan ba can bakin gefensa ba ne, ɗan ciki ne, domin ƙyallen yana maido haske ya haska ƙasan ƙwan. Shekara nawa muna cin ƙwai, a ajin nan ba wanda ya taɓa lura.

Dalilin wannan horo daga baya ya bayyana. Malam yana bin tsarin Albert Munsell, wani malamin zane Ba'amurke da ya fitar da nasa ma'aunin a 1905. A wurinsa kowane launi ta fuska uku ake auna shi: jinsinsa, wato ja ne ko shuɗi ko kore, haskensa ko duhunsa, sai kaifinsa, ya cika ne ko ya dishe. Mu 'yan fasta jinsin kaɗai muke kallo, alhali ido da haske da duhu yake fara karatu. Rawaya tsantsa haskenta ya kusa na fari, shuɗi tsantsa duhu gare shi, ja da kore kuwa sau da yawa nauyinsu ɗaya. Shi ya sa jan rubutu a kan kore yake wahalar da mai karatu ko da harufan manya ne. Dabarar da ya ba mu mai sauƙi ce: ɗauki hoton aikinka ka mai da shi baƙi da fari a waya. In sunan ango da amarya ya nutse cikin abin da ke bayansa, babu kalar da za ta cece shi. Tun daga ranar ba na tura wa kowa aiki sai na yi wannan gwaji.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai na takardu ne. Aka ce kowa ya zo da tsofaffin mujallu da guntayen kwali masu launi da almakashi. Ka yanki 'yan guntaye biyu daga takarda ɗaya mai ruwan toka, ɗaya ka ɗora a kan ruwan goro, ɗaya a kan shuɗi. Da hannunka ka yanka, ka san abu ɗaya ne, amma ido ya ƙi yarda. Na kan ruwan goro ya ɗauki shuɗi-shuɗi, na kan shuɗi kuma ya karkata wajen ruwan ƙasa. Wannan salon koyarwa na Josef Albers ne, Bajamushen da ya koyar a makarantar Bauhaus kafin ya koma Amurka a 1933, ya tattara darussan nasa ya buga a 1963. Amma abin da ya ba ni sha'awa, a gidan rini aka yi fitaccen binciken dalilin. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris. Ana ta kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya kamawa. Ya bincika ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, zaren da ake saƙawa kusa da shi ne ke canza yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya fitar da sakamakon binciken, masu zane na Faransa suka ɗauka suka yi ta aiki da shi.

Na je gida ina ba Gwaggo labari, ita da ta yi shekara da shekaru tana ɗinkin hula. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan ne har sai da ka biya kuɗi aka gaya maka?" Ta jawo wata hula da ba ta gama ba, ta nuna mini wani siririn layin farin zare da ta ratsa tsakanin ja da shuɗi. Ta ce in babu shi su biyun faɗa suke yi, idon mai saye ba zai zauna a kan hular ba. Mako na gaba Malam ya koyar da haka sak: launuka biyu masu kaifi in sun yi karo, a shiga tsakaninsu da fari ko baƙi.

Sai aka zo da'irar launuka, wadda kowa ke ɗokinta. An ba mu tarihinta a gurguje, daga Isaac Newton da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya kuma zana launukan a zagaye a 1704, zuwa da'ira mai gida 12 ta Johannes Itten, shi ma malamin Bauhaus. Abin da aka koya mana tun firamare shi ne ja da rawaya da shuɗi su ne iyaye, saura duk 'ya'yansu ne. To, Malam ya ce kowa ya haɗa ja da shuɗi ya fitar masa da shunayya. Duk ajin babu wanda ya samu. Abin da ya fito a farantanmu wani ruwan hanta ne mai datti. A nan zan yaba masa, domin bai ce hannunmu ne bai iya ba. Ya bayyana cewa fenti shanye haske yake yi ya maido saura. Jan da ke cikin kwalin fentin 'yan makaranta ya karkata wajen ruwan goro, yana shanye shuɗin haske, shi kuma shuɗin yana shanye jan, in ka gauraya su kusan babu abin da ya rage ya dawo ido. Ya fito da majenta, wato ja mai karkata wajen shunayya, da sayan, wato shuɗi mai haske da ya karkata wajen kore, daga jakarsa, ya haɗa a gabanmu, sai ga shunayya tas.

Amsar matsalata a nan take. Fuskar waya haske take fitarwa, ja da kore da shuɗi, in ka ƙara wani kan wani ƙara haske yake yi, har ja da kore su ba ka rawaya. Injin bugawa kuwa tawada huɗu gare shi: sayan, majenta, rawaya da baƙi, kuma kowace ka ƙara rage haske take yi. Akwai shuɗi da kore masu walƙiya da waya ke iya nunawa waɗanda tawada ba ta da hanyar kai musu. Ke nan mai inji bai cuce ni ba. Yanzu tun farko nake saita aikin bugawa a tsarin CMYK, wato na tawadar nan huɗu, in kuma mai kaya ya nace kan wata kala mai ƙyalli, sai in sa a buga masa ɗan gwaji ya gani da idonsa kafin a saki ɗari biyar.

Darasin inuwa ma ya yi armashi. Tumatir aka ajiye mana. Duk wanda ya sa baƙin fenti don ya yi inuwa, tumatirinsa ya fito kamar wanda ya kwana a buhun gawayi. Malam ya ce a ɗiga ɗan kore cikin jan, domin kowane launi kishiyarsa ce ke kwantar masa da kai, wato wanda ke fuskantarsa a da'ira. Inuwar ta yi duhu amma ba ta mutu ba. Ya kuma kyauta da bai tilasta kowa zana mai rai ba. Akwai waɗanda ba su so saboda fahimtarsu ta addini, ya ce tulu da buta da ƙwarya sun isa koyon komai, kuma gaskiyarsa.

Ɓangaren nisa da kusa, da yadda ake tsara abubuwa a shafi, ba laifi. Kwalaye muka yi ta zanawa da layukan da ke haɗuwa a ɗigo ɗaya. Ba abin da ba za ka samu kyauta a YouTube ba.

Ƙorafina babba yana kan abin da aka sa wa suna sanin kyau. A takardar talla shi aka fi zuzutawa, amma da lokacinsa ya zo zama ɗaya aka yi masa, shi ma hotunan zanen Turai aka yi ta wucewa da su a kwamfuta ana cewa wannan ya yi kyau saboda daidaito, wancan saboda tsari. Babu muhawara, babu wanda aka tambaya me ya sa wani abu ke burge shi. Kuma a Kano muke zaune! Marinar Ƙofar Mata tana nan, kuɗin adaidaita kawai za ta ci mu. Da an kai mu mun tsaya bakin karofi mun ga ƙyalle yana fitowa daga ruwan baba kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonmu, mun ga yadda yawan tsomawa ke ƙara duhu, ai tsaran nan mai gida tara ke nan a zahiri. Da an je wurin mabuga mun ga yadda bugu ke sa shuɗi ɗaya ya riƙa ɗaukar ido, irin turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa. Ga aska takwas a gaban babbar riga, inda mai ɗinki ke jibge aiki a ƙirji da aljihu ya bar sauran rigar ta sha iska, amma ba ta rinjayi gefe guda ba. Ga zanen bangon ƙofar fadar Zazzau. Ko ɗaya ba a ambata ba.

Abin ya fi ba ni haushi don wannan magana ba sabuwa ba ce, kuma a ƙasar Hausa aka yi ta. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya suna cewa a koyi dabarun Turawa amma a haɗa su da abin da aka gada a gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wanda aka san shi da shuɗi a zanensa. Duk wanda ya yi karatun zane a Najeriya ya san wannan tarihi. Da na yi wa Malam maganar, ya ce lokaci ne ya ƙure, za a yi a zango na biyu. Na karɓa, amma da an rage zaman kwalaye ɗaya da lokacin ya samu.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne, sai dai suna ci wa mutum rai. Gyaran aiki ta WhatsApp bai dace da darasin launi ba: ka yi aiki da rana, ka ɗauki hoto da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kyamarar waya ta ƙara nata gishiri, Malam kuma ya duba a tasa wayar ya ce shuɗinka ya yi zafi, alhali a takarda lafiya lau yake. Wani lokacin ma sai ana gobe aji amsa take zuwa. Ba a kuma ba mu jerin kayan aiki tun farko ba, da yawanmu muka sayi babban kwalin fenti mai kala barkatai, daga baya ya zamana 'yan kaɗan ake buƙata. Takardun darasi da Turanci suke, mai nauyi, duk da bayanin baki da Hausa yake yi, kuma ya iya.

Wanda zai fi cin moriyar ajin nan shi ne mai sana'ar da ke wasa da kala kullum ba tare da an taɓa zaunar da shi ba: tela, mai fentin gida, mai kwalliyar amare, mai ƙawata wurin biki, ɗan fasta irina. Wanda kuma yake so cikin wata guda ya fara zana fuskokin mutane yana sayarwa, zai gaji tun a wajen ƙwai. In za ka shiga, kada ka sayi komai sai fensir da takarda har ka ji daga bakin malamin. In lokacin fenti ya yi, fari da baƙi da rawaya da majenta da sayan sun ishe ka, ka ƙara da ja da shuɗi na gama-gari in aljihu ya yarda. Aikin launi kuma ka riƙa kai shi hannu da hannu a duba a hasken taga. Ni dai zan yi rajistar zango na biyu, amma sai na ga an rubuta ranar zuwa Ƙofar Mata a jadawali.