PeerTube: ma'ajiyar bidiyo da makullinta ke hannunka

Ni ke ɗaukar karatun Malam a masallacin unguwarmu, tafsirin azumi da karatun fiƙihu na ranar Asabar. Talla ce ta sa na nemi sabon wurin ajiye bidiyon. Dattijo zai buɗe karatu a wani babban dandali da muke ɗorawa, kafin Malam ya yi bisimilla sai ga tallar caca ta faɗo masa, kuma ni ake tara a ƙofar masallaci a tambaya. Shi ya sa na koma PeerTube.

Manhaja ce ta kyauta, kuma rubutunta a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Wani ɗalibi a Faransa ya fara ta a 2015, daga baya ƙungiyar Framasoft, wadda ba ta neman riba, ta ɗauke shi aiki, aka fitar da cikakken zubi na farko a watan Oktoban 2018. Ba shafi ɗaya ba ne da kowa ke shiga. Kai za ka yi hayar sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafi a intanet, ka girka manhajar a kai, ka sa wa shafin suna da dokokinka. Masu manhajar zane ta Blender ma a kanta suke ajiye bidiyonsu tun 2018.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take tausaya wa mai ƙaramar data. Idan na ɗora karatu, tana sarrafa shi zuwa matakai, daga mai kyan hoto har ƙasa zuwa 144p, kuma akwai zaɓin murya zalla. Wannan na ƙarshen shi mutanenmu suka fi so, don mai sauraron tafsiri ba fuskar Malam yake nema ba. Direba ya saka a mota, uwargida ta saka tana girki. Akwai maɓallin saukewa, mutum ya sauke inda sabis ke da ƙarfi ya saurara a gida. Watsawa kai tsaye ma ta samu tun 2021.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani tun farko. Idan mutane da yawa na kallon bidiyo ɗaya a lokaci guda, wayoyinsu kan riƙa tura wa juna gutsattsarinsa don a rage wa sabar nauyi. Dabara ce mai kyau a inda intanet ke da araha. A wurinmu kuwa, datar mai kallo ce ke tafiya wajen tura wa wasu, kuma lambar IP ɗinsa, wato adireshin na'urarsa a intanet, na iya bayyana gare su. Ni dai na kashe wannan tsarin gaba ɗaya, na bar sabar ta ɗauki nauyin.

Girkawar ba aikin ɗan koyo ba ce. Tana buƙatar wasu manhajojin, irin su PostgreSQL da Redis da FFmpeg da nginx, kuma sarrafa karatun awa biyu na jigata ƙaramar sabar sosai. Wurin ajiya ma cika yake da sauri, tunda kowane bidiyo kwafi da yawa ne. Manhajar kyauta ce, amma hayar sabar duk wata da kuɗin waje ake biya, kuma kowa ya san yadda naira take. Kwamitin masallaci ne ke haɗa mana.

Masu kallo kuma ba sa zuwa da kansu. Akwai Sepia Search mai binciko bidiyo daga shafukan PeerTube daban-daban, mai asusu a dandalin sada zumunta na Mastodon ma na iya bin tasharka, amma mutanenmu ba can suke ba. Don haka duk Asabar bayan isha'i nakan yanko minti biyu daga karatun in sa a Facebook da zaurukan WhatsApp, tare da adireshin cikakken karatun a ƙasa.