Iska ko ruwa: wanne ya fi amfani a bakin ɗan Hong Kong?

Mai koyon Kantonanci, yaren Hong Kong da birnin Guwangzu na ƙasar Sin, zai yi ta cin karo da kalmomi biyu: fung, wato iska, da soi, wato ruwa.

Kalmar "da fung" na nufin guguwar teku. Idan hukumar yanayi ta Hong Kong ta ɗaga alamar gargaɗin guguwa mai lamba 8, makarantu da ofisoshi sai su rufe. A hira kuwa, masoyan da suka manne wa juna akan ce ko guguwa ba ta raba su. Sau fung, tattara iska, shi ne baza kunne a ji labari.

Ni dai ruwa na fi ba fifiko, don a wurinsu soi kuɗi ne. Mu ma ai muna da kuɗin ruwa. Ɗan kasuwa ya ce maka bong soi, auna ruwa, to miƙo kuɗinsa kawai yake nufi. Coi soi, hura ruwa, surutun majalisa ne. In ka ji an ce cinikinka ya fi ruwa sanyi, dung gwo soi, ka fara neman wani shagon.