Batirin da ya mutu a gareji, ya farfaɗo a aljihuna

'Yan uwa, sanyin Kanada ya kunyata ni a gaban wani yaron shago.

Na sayi 'yar na'urar auna zafi da sanyi, girmanta bai kai kwalin ashana ba, na maƙala a gareji kusa da bututun ruwa. Aikinta ta riƙa aiko min da saƙo a waya, domin nan idan ruwa ya daskare a bututu sai ya fasa shi. An ce batirinta na shekara guda. Sanyi na kaiwa digiri 25 ƙasa da sifili, ko wata ɗaya ba a yi ba, ta yi gum.

Na cusa ta a aljihu, na tafi shago a fusace. Yaron ya karɓa, ya duba, ya juyo min da allon: batir garau! Ashe ɗumin jikina ya farfaɗo da shi a hanya. Ya yi murmushi ya ce ko dai in karɓi kuɗina ko in ɗauki sabuwa. Gaskiya a nan sun burge ni, ba musu, ba rantsuwa. Amma da na ce a buɗe a gyara, kallona ya yi kamar na ce ya yanka min giwa. Nan na tuna masu gyaranmu na gida, waɗanda ba abin da ke gagarar sukundirebansu.

Na dawo gida da na'urata, wani dattijo maƙwabcina ne ya warware min. Batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ƙarfin wutarsa bolt 3 ne. Sanyi ba ya shanye cajinsa, kasala yake sa masa. Duk lokacin da na'urar ta yunƙura za ta aika saƙo, sai ƙarfin ya faɗi, ita kuma ta ɗauka ya mutu. Dattijon ya cire shi, ya liƙa wayoyi biyu da dalma zuwa wani ɗan akwati mai cin batir AA guda biyu. Ya ja kunnena: na litiyam, ba alkalin ba, don na litiyam na jure har digiri 40 ƙasa da sifili, kuma cajinsu ya ninka na kwabon fiye da sau goma. Sannan muka rage mata surutu a manhaja, daga kowane minti zuwa kowane minti 15.

Abin da ya tsaya min a rai, sau uku ya ɗora mitar auna ƙarfin wuta kafin ya haɗa, wai sabon batirin litiyam kan haura bolt 1.5, biyu za su iya yi wa na'urar yawa. Mu kuwa da tuni mun murɗe wayar da haƙori, mun naɗe da leda, in ta ƙone mu ce dama jabu ce.

Garantin dai ya tafi. Yau da asuba ta aiko min: digiri 31 ƙasa da sifili. Na ja bargo ina kewar zafin ranar gida da nake zagi.