Klipsch RP-8000F II ko KEF LS50 Meta: amsa ga Alhaji mai sabon falo

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Tsakanin lasifikun kiɗa biyun da ka tambaya wacce za ka saya wa falonka, KEF LS50 Meta da Klipsch RP-8000F II, Klipsch zan ce ka ɗauka. Ita ce a falona, kuma tunda ka ce naka babba ne, ga tayil, ga iyali, ga sola kake amfani da ita, ban ga abin ja-in-ja ba.

Inda suka fara rabuwa shi ne yawan ƙarar da kowacce ke bayarwa idan aka ba ta wuta iri ɗaya. A takardar kowace lasifika akwai lamba mai dB (ma'aunin ƙarfin ƙara) a gefe, wadda ke nuna ƙarar da za ta yi da wat ɗaya idan kana tsaye a nisan mita ɗaya. KEF ɗin 85 ce, Klipsch kuwa kamfanin ya rubuta 98. Ƙa'idar ita ce duk ƙarin dB 3 sai ka ninka wat ɗin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa lasifika. Gaskiya ɗaya ce, masu auna kaya da na'urorinsu sun sha nuna cewa Klipsch na ɗan kambama lambarta. To ko mun rage, mun ce tazarar 6 ce kacal, KEF sai ta ci ninki huɗu na wat kafin ta kamo ta. Ka ga ke nan amfilifaya matsakaiciya ta wat 50 za ta cika maka falo da Klipsch ba tare da ta yi gumi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu a Kano, lokacin da ƙarfe ke ɗaukar zafi ko ba a kunna shi ba.

Sirrin Klipsch yana cikin ƙahon nan da ke saman ta. Tiwita, wato 'yar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, tana can ciki, bakin ƙahon ya buɗe ya turo sautin gaba, dabarar da ka sani a lasifikar masallaci, sai dai wannan an sassaƙa ta don kunne ya ji daɗi ba don a jiyo daga bayan layi ba. Paul Klipsch ya kafa kamfanin a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, kuma a kan ƙahon nan ya gina sunansa. A ƙasan ƙahon akwai faifai biyu masu inci 8, masu launin jan ƙarfe, su ke ba ta bes, wato kaurin sauti, da ke sauka ƙasa da 40 Hz (ƙarancin lambar Hz shi ne zurfin sautin). Ba sai ka nemi sabufa, wato lasifikar da ake ƙarawa don bes kawai, ba.

Bari in ba ka abin da ya sa nake yabon ta. Da Babbar Sallah Baffana ya zo yini, mutum ne da ya tashi cikin kiɗan kalangu na mahauta, yanzu kunnensa ya ɗan yi nauyi. Na sa masa wani tsohon kiɗa da aka ɗauko daga kaset, ban ma ɗaga murya sosai ba. Yana cikin cin nama sai ya ajiye, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ya ce in saurara: ga inda makaɗin ya matse kalangun a hammata amon ya hau, ga inda ya sassauta ya sauka. Ya ce rabonsa da jin wannan lanƙwasar tun yana zuwa wajen wasa da ƙafarsa. Yara na ta guje-guje, fanka na juyi, mata na hira a ƙofar kicin, amma kiɗan bai nutse a cikin hayaniyar ba. Haka karatun Alƙur'ani da asuba: murya can ƙasa-ƙasa, amma kana jin fitar kowane harafi har da numfashin mai karatu. A nan ta fi burge ni, domin lasifika da yawa sai an ƙure su suke farkawa.

KEF ɗin ba a ce mata komai wajen tsabtar sauti. Kamfanin Ingila ne, Raymond Cooke ya kafa shi a 1961 a Maidstone, kuma dabararsu ta dasa tiwita a tsakiyar faifai tana sa ka ji mawaƙi kamar yana tsaye a gabanka. Amma faifan inci 5 da kwata ne, bes ɗinta ya fara janyewa tun daga wajen 80 Hz, sai ka saya mata ƙafafun ɗorawa, ka ƙara sabufa, ka nemi amfilifaya mai ƙarfi. Kayan ɗan ƙaramin ɗaki ce, na mutum ɗaya da kujerarsa. Kuma ba ta zuwa da murfin fuska. Ka tuna ƙurar hunturu, ka tuna yatsan yaro ɗan shekara uku a kan faifan alminiyam. Klipsch tana da murfi mai maganaɗisu, ka manna abinka ka huta.

Aibin Klipsch ɗaya ne, kuma falonka zai tono shi. Tana da kaifi a siririn sauti. Tayil a ƙasa, POP a sama, bango siminti, tagogi gilashi, duk sautin da ya fita sai ya dawo, bayan awa guda kunne ya gaji. Tafa hannu a tsakiyar falon tun yanzu da babu kaya, za ka ji abin da nake nufi. Maganin ba ya hannun mai lasifika. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin kujera da lasifikun, ka sa labule mai nauyi, kujerun su zama na yadi. Ramin iskarta a baya yake, don haka kar ka manna ta da bango ko ka cusa ta a lungu, ba ta tazarar kamu biyu zuwa uku. Ka ɗan karkato su kaɗan, ba sai ƙahon ya saiti kunnenka kai tsaye ba. Ni da na yi haka kaifin ya kwanta.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin a nan ake cin kuɗin mutane. Duk wanda ya ce maka lasifikarsa wat dubu biyar ce, ya nuna maka PMPO, wato lambar wat ta talla, a jikin kwali, yi masa sallama. Lambar banza ce. Masu kayan Beljiyam kuma akwai na Allah a cikinsu, akwai masu cire tiwitar asali su dasa ta 'yan kuɗi kaɗan, ko a naɗa wa faifan da ya ƙone sabuwar waya a goge a ce sabo ne. Dubi kan sukurorin da ke kewaye da faifan, in ka ga sun kwarzane an taɓa buɗewa. Ɗaga ta ka ji: Klipsch ɗin ta gaske ta haura kilo 25 guda ɗaya, ta jabu kamar kwali. Danna faifan a hankali da yatsu a kewaye, in ka ji yana gogar wani abu a ciki ka bar shi. Tafi da waƙar da ka sani a wayarka, a kunna ta dama ita kaɗai, sannan ta hagu, a murya ƙasa. Mai shago zai so ya ƙure maka murya, domin ƙara na rufe aibi. Ka dubi lambar da ke bayan kowacce, ka tabbata an rubuta su a rasit.

In kuma ta hannun ɗan'uwa za ka yi oda daga Amurka, ka lura da abu biyu. Irin wannan doguwar Klipsch guda-guda ake sa mata farashi a can, KEF kuwa biyu a kwali ɗaya, kar dillali ya rikita ka da lissafi. Na biyu, lasifikun kansu ba ruwansu da soket, amma amfilifayar Amurka ta 120V ce, tamu wutar 230V, kana sakawa ta tafi. Sayi amfilifayar a nan ko daga Dubai ko Ingila, ka haɗa ta da sitabilaiza mai kyau, kuma ka saba kashe ta kafin a juya daga sola zuwa janareta.

Ɗauki Klipsch ɗin, Alhaji. Kuɗin da za ka kashe a ƙafafu da sabufa ka kai Kantin Kwari ka yanko labule. In kayan sun iso ka turo hoton falon a nan, mu duba inda za a ajiye su.